Daga Batmusa Zuwa Malita Cikin Jirgin Ruwa

Mutumin Banga, ko Shinkafi, ko Zurmi, in ka ce masa babban ruwa, Gagare zai tuna, ko Bunsuru, sa'ad da suka kawo cikin watan Agusta. Kafin tsakiyar rani kuwa sai rairayi, mata na tonon ruwa a tsakiyar gulbi. To, akwai wani ruwa da yawancinmu muka sani tun muna makarantar Lahadi, ko da yake a takarda kaɗai muka gan shi, wato shuɗin nan na taswirar bayan Littafi Mai Tsarki, inda aka ja layuka ana nuna tafiye-tafiyen Manzo Bulus. Sunansa Bahar Rum. Girmansa ya kusa ninka Nijeriya sau uku, ba ya ƙafewa da rani, ba ya kuwa shayuwa saboda gishiri.

Tsibiran da muke karanta sunayensu cikin Ayyukan Manzanni suna nan har yau, da mutanensu, da kasuwanninsu. Kowace shekara dubban dubbai suna zagaya su cikin manyan jiragen ruwa don hutu. Bari mu bi ɗaya daga cikin jiragen nan, mu ga inda yakan tsaya.

Jirgin kansa gida ne mai hawa goma ko goma sha biyar kwance bisa ruwa. Akwai mai ɗaukar fasinja 1,000, akwai mai ɗaukar 5,000 har fiye. A ciki ake ci, a ciki ake kwana. Da dare yake tafiya, gari na wayewa sai ka leƙa ta taga ka ga wata sabuwar tasha. Za a ba ka 'yan sa'o'i ka sauka ka ga gari, a kuma gaya maka lokacin komowa. Wannan lokaci fa ba na wasa ba ne. Ba motar Ƙaura zuwa Gusau ba ce da za ka aiki yaro ya ce wa direba ya dakata. Wanda ya makara sai ya nemi hanyarsa da kuɗinsa. Mai fasfon Nijeriya kuma sai ya sami bizar ƙasashen Turai tun daga gida.

Yawancin jiragen tsakanin Afrilu da Oktoba suke aiki, gama da sanyi tekun yakan haukace. Romawa ma sun san haka, daga Nuwamba zuwa Maris sukan ajiye tafiyar ruwa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Batmusa

Daga Fireyus, tashar jiragen ruwa ta birnin Atina, ake tashi. Jirage da yawa sukan fara tsayawa a gaɓar Turkiyya da safe don a ga kufan Afisa, da yamma su iso Batmusa. Ɗan tsibiri ne, murabba'in kilomita 34 kacal, mazaunansa wajen 3,000, duwatsu ne galibi da 'yan itatuwa. Manyan jirage ba su iya matsowa bakin gaɓa, sai su tsaya nesa, ƙananan jirage su riƙa kwasar mutane zuwa tashar da ake kira Skala.

Nan aka kai Yahaya saboda Maganar Allah, nan ya ga wahayin da ke ƙarshen Littafi Mai Tsarki. Marubutan ikilisiya na farko sun ce a ƙarshen mulkin Sarki Domitiyan ne, wajen shekara ta 95 bayan haihuwar Almasihu. A tsakiyar hawan tudu akwai wani kogo da mutanen tsibirin suka gāda cewa a nan ya zauna. An gina ɗakin sujada a bakinsa. Ana sauka da matakala, rufin dutsen kuwa ƙasa yake, dogon mutum sai ya sunkuya. Za a nuna maka wani ɗan lotsi a jikin dutse da aka zagaye da azurfa, a ce nan yakan ɗora kansa. Ba a shiga da gajeren wando ko kafaɗa a buɗe, ba a kuma surutu.

A ƙwanƙolin tudun akwai gidan sufaye wanda wani mai suna Kiristodulos ya kafa a shekara ta 1088. Daga nesa sai ka ce sansanin yaƙi ne, domin an gina shi da katanga mai kauri saboda 'yan fashin teku. Cikin taskarsa akwai ganye 33 na Bisharar Markus da aka rubuta da hannu a ƙarni na shida, da tawadar azurfa bisa fata rinanniya. Abin takaici shi ne, sau da yawa sa'a huɗu ko biyar kaɗai jirgi ke bayarwa a nan, kai da ɗaruruwan mutane kuna layi a bakin kogo ɗaya. A ganina Batmusa ta cancanci yini guda.

Rodusa da jakunan Santorini

Sau ɗaya aka ambaci Rodusa, a sura 21 ta Ayyukan Manzanni, lokacin da Bulus ke kan hanyarsa ta zuwa Urushalima. Amma masu hutu suna sonta ƙwarai, don jirgi yakan tsaya dab da tsohon birni, da ƙafa ake shiga. Ganuwar dutse mai tsawon kilomita 4 ta kewaye shi. Mayaƙan Yahaya Mai Baftisma suka gina yawancinta, wata ƙungiya ce da ta fara da jinyar masu ziyara a Urushalima daga baya ta ɗauki takobi. Sun riƙe tsibirin shekara fiye da 200, har Sarkin Turkawa Sulaiman ya kewaye su wata shida ya fitar da su a 1522. Asibitinsu yana nan, ya zama gidan tarihi, masallacin da ke ɗauke da sunan Sulaiman kuma yana can saman titin kasuwa. Shahararren gunkin tagulla na Rodusa, mai tsawon mita 33, girgizar ƙasa ta kā da shi wajen shekara 226 kafin haihuwar Almasihu. Ko Bulus ma a kwance ya tarar da shi in ya gan shi. Yau babu ko gutsurensa, sai 'yan ƙanana na roba a shagunan tsaraba.

Santorini ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, amma hotonta ya fi na kowane tsibiri yawo a duniya: fararen gidaje da shuɗɗan kubbobi a bisa gaɓar dutse. Bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da ya fashe teku ta cika ramin, a cikin ramin jirgi yake tsayawa. Daga bakin ruwa zuwa garin Fira matakala kusan 600 ce. Ko ka hau keken da waya ke ja sama, ko ka taka, ko ka hau jaki ko alfadari. I, jaki, irin namu na kai taki gona, ga Bature a kai yana rawar jiki. A 2018 gwamnatin Girka ta hana a ɗora musu nauyin da ya wuce kilo 100. Cunkoso ya yi yawa har a 2025 aka fara karɓar Yuro 20 daga kowane fasinjan jirgi da ya sauka a lokacin da baƙi suka fi yawa. Wurin yana da kyau, ba musu. Sai dai rabin lokacinka a layi zai ƙare.

Karita, inda aka ƙi jin shawara

Karita ce babba cikin tsibiran Girka, tsawonta kilomita 260. Jirgi yakan tsaya a birnin Hirakliyon, a gaɓar arewa. Kusan kowa sai ya nufi Nosos, kilomita 5 daga gari, kufan wata fada da ta girmi zamanin Sarki Dawuda da ɗaruruwan shekaru, wadda wani Baturen Ingila, Arthur Evans, ya fara tonowa a 1900. A tsakiyar birni kuma akwai majami'ar Titus, wanda Bulus ya bari a Karita don ya naɗa dattawan ikilisiya a kowane gari. Suna ajiye da ƙoƙon kai da suka ce nasa ne, an komo da shi daga Benis ta Italiya a 1966.

Wurin da ya fi shafar mai karanta Ayyukan Manzanni kuwa, jirgin masu hutu ba ya zuwa can. Yana gaɓar kudu, sai an ƙetare tsibirin da mota. Ƙaramin ƙauye ne a bakin wani lungun teku, sunansa da Helenanci Kali Limenes, wato kyakkyawar mafaka, sunan da Luka ya san shi da shi. Abin da za ka fara gani yau shi ne manyan tankunan mai a wani ɗan tsibiri da ke gabansa, inda jirage ke shan mai.

A nan jirgin alkama na Iskandariya ya tsaya, da Bulus a ciki yana ɗaurarre za a kai shi Roma. Lokacin tafiya ya riga ya ƙure. Bulus ya ce a dakata. Jarumin soja ya fi yarda da matuƙi da mai jirgi, waɗanda suka ga tashar ba ta dace da zaman damunar sanyi ba, suka so a matsa gaba kaɗan zuwa wata tashar a tsibirin. Tafiyar da ba ta wuce yini ɗaya ba. Suna fita sai iska mai ƙarfi ta bugo daga arewa maso gabas, ta kore su daga gaɓa. Suka zubar da kaya, suka ɗaure jirgin da igiyoyi, kwana da kwanaki ba rana ba taurari, alhali da su matuƙan zamanin ke gane hanya. Sai a dare na 14 suka ji alamar ƙasa, bayan iska ta ja su kusan kilomita 900. Jirgin masu hutu yakan yi wannan tafiya cikin yini ɗaya da dare, mutane na cin abinci ana kaɗa musu kiɗa.

Malita

Ba kowane jirgi ke kaiwa Malita ba, sai masu doguwar tafiya. In naka zai kai, ka tashi da asuba ka hau sama, gama shiga tashar Baleta abin kallo ne: ganuwa bisa ganuwa ta dutse mai launin zuma, a dama da hagu. Mayaƙan nan da aka kora daga Rodusa su suka gina birnin, daga 1566, shekara guda bayan sun tsira daga wani harin Turkawa. Cikin babbar majami'arsu akwai zanen fille kan Yahaya Mai Baftisma da Karabajo ya yi a 1608. Ƙasar duka murabba'in kilomita 316 ce, ta sami 'yancin kai daga Ingila a 1964, shekara huɗu bayanmu.

Bahaushe zai sha mamaki in ya kasa kunne. Harshen Malita daga Larabci ya samo asali, ko da yake da baƙaƙen boko ake rubuta shi. Ranar Talata suna ce mata Tlieta, Alhamis kuma Hamis, ashirin da talatin da hamsin duk za ka gane su. Mutanen galibinsu Katolika ne, kuma in suna addu'a a majami'a, Alla suke kira, kamar yadda muke kira a Ƙaura Namoda.

A arewacin tsibirin akwai lungun tekun da ake kira da sunan Bulus, da wani ɗan tsibiri a bakinsa inda aka kafa siffarsa tun wajen 1845. Nan aka gāda cewa jirgin ya farfashe. Mutum 276 ne a ciki, waɗansu da iyo, waɗansu bisa katakai, ba wanda ya halaka. Mutanen tsibirin, waɗanda ba su san su ba, ba su kuma jin harshensu, suka hura musu wuta saboda ruwan sama da sanyi. A wurin wutar nan maciji ya maƙale wa Bulus a hannu bai cuce shi ba. Wata uku suka yi a can. A garin Rabat ana nuna kogon da aka ce ya zauna, kowace ranar 10 ga Fabrairu kuwa hutu ce a ƙasar duka don tunawa da haɗarin jirgin. Iskar nan ta arewa maso gabas har yanzu tana bugawa da sanyi, suna kiranta Grigal.

Akwai kuma wata tafiyar a wannan teku da ba ta cikin takardar masu sayar da tikiti. Malita na tsakanin Libiya da Italiya. Hanyar da ta tashi daga Ƙaura ta bi Zurmi zuwa Jibiya, in ka miƙe da ita sai Maraɗi, gaba Agadas, gaba hamada, ƙarshenta bakin wannan ruwa. A 2016 kaɗai 'yan Nijeriya fiye da 37,000 suka isa Italiya ta teku, sun fi na kowace ƙasa yawa a shekarar. Yawancinsu daga kudu suke, musamman Jihar Edo, amma ta arewa suka ratsa, kuma babu garin da zai ce zancen bai shafe shi ba, musamman inda rashin tsaro ya raba samari da gonakinsu. Jiragensu na roba ne ko tsofaffin jiragen masunta, ana cusa mutum ɗari a wurin mutum ashirin. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutane fiye da 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum daga 2014. Dokar teku ta wajabta wa kowane jirgi ya ceci wanda ya tarar cikin haɗari, har na masu hutu: a Satumban 2014 wani jirgin hutu na Kubrus ya tsamo mutane fiye da 300, yawancinsu 'yan Siriya.

A watan Afrilun 2015 wani jirgi ya kife da dare a arewa da gaɓar Libiya da mutane wajen 800 ko fiye. Mutum 28 suka tsira. An kawo gawa 24 Malita, ba wanda ya san sunayensu, sai lamba aka rubuta a kan akwatunan. Bishop da limami suka tsaya tare suka yi musu addu'a, sojoji suka ɗauke su a kafaɗa, aka binne su a maƙabartar Adolorata. Daga inda jirgin masu hutu ke tsayawa zuwa maƙabartar tafiyar minti goma ce a mota.

Da ƙarfe huɗu na yamma akan harba igwa daga saman ganuwar Baleta, bisa tsohuwar al'ada. Fasinjoji su fara gangarowa da ledojin tsaraba, a duba katin kowa a bakin ƙofa. Daga nan jirgi ya juya arewa zuwa Sirakus ta tsibirin Sisili, inda Bulus ya yi kwana uku kafin ya wuce Roma.