Sridevi: Yarinyar Da Ta Girma A Gaban Kyamara

Duk wanda ya taɓa bin layin sayen tikiti a sinimar Plaza ko El-Dorado a Kano, zamanin da fim ɗin Indiya ke tashe, ba sai an gaya masa ko wace ce Sridevi ba. Ita ce macijiyar nan ta Nagina, fim ɗin 1986, mai rawa tana zare ido a gaban Amrish Puri. Abin da yawancin 'yan kallo ba su sani ba shi ne, ko a wannan lokaci ta kusa shekara 20 tana wannan sana'a, alhali kuwa shekarunta 23 kacal a duniya.

An haife ta ran 13 ga Agusta, 1963, a wani ƙauye kusa da Sivakasi, cikin jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya. Mahaifinta lauya ne. Tana shekara 4 aka fara sa ta a fim ɗin yaren Tamil, Kandhan Karunai, na 1967. Daga nan fa sai masu shirya fim suka yi mata caa, na Tamil da na Telugu da na Malayalam. A 1971 jihar Kerala ta ba ta lambar yabo ta yara saboda fim ɗin Poompatta. Makaranta kuwa sai ta zama ta jeka-na-yi-ka, daga baya ma aka bar ta ɗungum. Ita da bakinta ta sha faɗa wa 'yan jarida cewa zaman aji ya wuce ta.

To, ga inda abin ya ke da ban tausayi. A 1976, tana shekara 13, darekta K. Balachander ya ɗaura mata sari ya ba ta matsayin babbar mace a Moondru Mudichu, inda ta fito a matar uban Rajinikanth, mutumin da ya girme ta da fiye da shekara 12. Shekara shida bayan haka, a Moondram Pirai, wanda aka sake yi da Hindi da sunan Sadma a 1983, sai ga ta a matsayin budurwar da haɗarin mota ya mai da hankalinta na ƙaramar yarinya. Watau tana yarinya an sa ta wasan manya, da ta girma aka ce ta yi wasan yara. A ganina, duk cikin finafinanta babu kamar Sadma. Yadda ta ke tura baki, da yadda ta ke maƙale wa Kamal Haasan, sai mutum ya ce ƙuruciyar da ba ta samu ba ce ta ke ramawa.

Shigarta Bombay ba ta zo da sauƙi ba. Solva Sawan na 1979 bai yi kasuwa ba, ga shi kuma ba ta jin Hindi. Himmatwala, wanda ta yi da Jeetendra a 1983, shi ya buɗe mata ƙofa. Amma muryar da 'yan kallo suka riƙa ji a yawancin finafinan nan ba tata ba ce. Wata mai suna Naaz, wadda ita ma tsohuwar 'yar wasan yara ce, ita ke yi mata magana, Rekha kuma ta ara mata murya a Aakhree Raasta. Sai a Chandni, 1989, aka fara jin muryarta sosai da Hindi.

Sa'an nan sai abu ya bi abu: Mr. India a 1987, Chaalbaaz inda ta fito a tagwaye, Lamhe a 1991 inda ta zama uwa kuma 'ya, da Khuda Gawah tare da Amitabh Bachchan. A masana'antar da maza ke riƙe da ragama, sunanta kaɗai ya kan cika sinima.

Ta auri Boney Kapoor a 1996, bayan Judaai na 1997 kuma ta koma gida renon 'ya'yanta mata biyu. Ta ɗan leƙo talabijin daga 2004 zuwa 2005 da wasan ban dariya, Malini Iyer, a tashar Sahara, labarin 'yar Tamil da ta yi aure a gidan Punjabawa. Gaskiya bai kai darajarta ba, kuma ba a daɗe ana zancensa ba.

Komowar gaske sai a 2012, da English Vinglish na Gauri Shinde. Ta fito a matar aure wadda miji da 'yarta ke yi wa dariya don ba ta iya Turanci ba, har ta shiga ajin koyo a ɓoye a birnin New York. Wa ya fi dacewa da wannan, in ba wadda ta yi shekaru ana ara mata baki ba? Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar Padma Shri a 2013.

Mom, na 2017, shi aka lissafa a matsayin fim ɗinta na 300, shekara 50 cif da farawa. Ran 24 ga Fabrairu, 2018, bayan ta je wani bikin aure, aka tarar da gawarta a bahon wanka na ɗakin otal a Dubai, hukuma ta ce nutsewa ta yi. Tana da shekara 54. Lambar gwarzuwar 'yar wasa ta ƙasa, wadda ba ta taɓa samu ba tana raye, mijinta da 'ya'yanta suka karɓar mata. Fim ɗin farko na babbar 'yarta Janhvi, Dhadak, ya fito wata biyar bayan mutuwarta.