Murhun ɗumama gida ya mutu cikin sanyi: laifin sensa ne ko na toka?

A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, irin su Italiya, Suwidin da arewacin Amurka, gidaje da yawa sun dogara da wani murhu da ba ya cin ice ko gawayi. Abincinsa dusar katako ce da aka matse ta zama ƙwayoyi, kamar abincin kifin da masu kiwo ke saye. Kaurin ƙwaya ɗaya kusan milimita 6 ne, kuma a Turai ana sayar da su a buhun kilo 15. Wani injiniyan kamfanin Boeing, Jerry Whitfield, shi ya ƙera irin wannan murhu a jihar Washington a farkon shekarun 1980.

Murhun da kansa yake ciyar da wutarsa. Wani ƙarfe mai murɗi yana ɗebo ƙwayoyin daga rumbu yana zubawa kaɗan-kaɗan a kaskon wuta. Fanka ɗaya tana jan hayaƙi waje, wata tana hura ɗumi cikin ɗaki. Allon lantarki ne ke ba da umarni, amma bai san abin da ke faruwa a ciki ba sai abin da sensoshi suka gaya masa. Shi ya sa da zarar murhu ya tsaya, su ake fara tuhuma, alhali sau da yawa gaskiya suka faɗa.

A ɗauki sensar iska. Aikinta ta tabbatar fankar hayaƙi tana ja sosai kafin a bar ƙwayoyi su zubo. Wani siririn tiyo ne ya haɗa ta da hanyar hayaƙi. Idan toka ta toshe tiyon, ko bututun hayaƙi ya cushe, ko igiyar da ke liƙe a gefen ƙofa ta cinye iska tana shiga, sai sensar ta hana ƙarfen juyawa. Mai gida ya sayo sabuwa ya ɗaura, matsalar tana nan daram, domin ba ita ce ta lalace ba. Masu gyara suna gwada ƙofar da takarda: a maƙala ta a rufe, idan ta zare cikin sauƙi, igiyar ce ke son canji.

Sai sensar da ke shaida cewa wuta ta kama. A wasu murhuna ɗan faifan ƙarfe ne da ke haɗa layi idan zafin hayaƙi ya kai wajen digiri 50. Kamfanin Quadra-Fire yana sa wayar auna zafi mai murfin tangaran a bakin kaskon, Harman kuma yana sa tsinken auna zafi a hanyar hayaƙi. Alamar matsalarsu ɗaya ce: wuta ta kama lafiya, bayan ’yan mintoci murhu ya kashe kansa. Toka ce kan lulluɓe kan sensar har ta kasa jin zafi, kuma gogewa a hankali takan wadatar.

Ta uku ita ce mai yanke abincin wuta idan jikin murhu ya yi zafi fiye da kima. Idan ta yanke, yawanci fankar ɗaki ce ta cika da ƙura ko ta mutu. Danna maɓallinta a ci gaba da aiki ba tare da an duba fankar ba ganganci ne.

Idan an share komai abin bai gyaru ba, sai a zare fulogi, a bari murhu ya huce, a gwada sensoshin da mitar auna lantarki. Galibin sensoshin auna zafin ɗaki suna nuna kilo-om 10 a digiri 25. Wadda ba ta nuna komai, wayarta ta tsinke. A duba bakin wayoyi ma, domin tsatsa ko sako-sako kan sa a zargi sensa mai lafiya.

Wajen sayen sabuwa, kama ba ta isa ba. Faifai biyu suna iya zama iri ɗaya a ido, amma ɗaya haɗa layi yake yi, ɗayan yankewa, kuma kowanne da zafin da aka buga a jikinsa. Lambar samfurin da ke farantin murhu ita ce abin bi. Allon lantarki, da yake ya fi duk sauran tsada, shi ne na ƙarshe da ya kamata a taɓa.

Babban haɗari shi ne haɗa wayoyin sensa kai tsaye don murhu ya ci gaba da ci. Yin haka yana iya sa hayaƙi ya dawo cikin ɗaki ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, ita ce kuma ke kashe mutane idan aka kwana da janareta a rufaffen wuri. Duk wanda ke zaune a gida mai irin wannan murhu ya riƙa kwashe tokar kaskon a kai a kai, ya sa ƙwararre ya share bututun hayaƙi sau ɗaya a shekara, ya kuma kafa na’urar gargaɗin wannan iska kusa da ɗakin kwana.