Neuchâtel: Garin Bakin Tafki da Ke Cin Abinci da Auna Lokaci

A yammacin ƙasar Suwizalan, tsakanin tsaunukan Jura da wani tafki mai faɗin murabba'in kilomita 218, akwai wani ɗan birni mai suna Neuchâtel. Mazaunansa sun kai wajen 45,000, kuma Faransanci ne harshensu. An gina tsofaffin gidajensa da wani dutse mai launin rawaya da aka haƙo a Hauterive, kusa da garin, sannan gonakin inabi sun lulluɓe gangaren da ke fuskantar ruwa. A ƙarshen watan Satumba na kowace shekara akan yi bikin girbin inabi na kwana uku, kana ranar 1 ga Maris jama'a kan tuna juyin 1848, wanda ya raba yankin da sarautar sarkin Furusiya. Sai dai abin da ya ɗaukaka sunan garin a duniya shi ne agogo.

Sana'ar ta samo asali ne daga tsaunukan da ke bayan birnin, musamman garuruwan La Chaux-de-Fonds da Le Locle, inda tsawon hunturu ya sa manoma suka rungumi aikin hannu a cikin ɗaka. Shaidar gwanintarsu tana nan a gidan tarihin Neuchâtel: mutum-mutumi uku da Pierre Jaquet-Droz da ɗansa da wani abokin aikinsu suka ƙera tsakanin 1768 da 1774. Ɗaya yana rubutu da alƙalami da tawada, ɗaya yana zane, ta ukun kuwa tana kaɗa ƙaramin abin kiɗa mai madannai, kuma har yau suna aiki. A 1858 aka kafa cibiyar nazarin taurari a birnin domin a riƙa daidaita lokaci da tafiyar taurari, ta kuma zama alƙalin da ke gwada agogunan masana'antu tana ba su maki.

Babbar jarrabawa ta zo ne daga cikin gida. A 1962 kamfanonin agogo suka haɗa kuɗi suka buɗe wani ɗakin bincike a Neuchâtel, kuma a 1967 masanansa suka fito da samfurin agogon hannu mai aiki da kwaz, wato ƙanƙarar dutse. Asirin abin shi ne, in aka sa wa ɗan yankin wannan ma'adini lantarki daga batir, sai ya riƙa makyarkyata da sauri iri ɗaya, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. A agogunan yau yakan motsa sau 32,768 cikin daƙiƙa guda, wata 'yar na'ura kuma tana ƙirgawa. Agogon da ake wanawa yakan yi kuskuren daƙiƙoƙi a yini, shi kuwa na kwaz sai a wata guda yake tara irin wannan kuskure.

Amma ƙirƙira daban, cin moriyarta daban. Kamfanin Seiko na Japan ya riga kowa kai irin wannan agogo kasuwa a watan Disamba na 1969, yayin da masana'antun Suwizalan da yawa suka ɗauki sabon abin da sakaci, suna dogaro da tsohuwar gwanintarsu. Cikin shekaru kaɗan agogunan Asiya masu araha suka cika kasuwannin duniya. Ma'aikatan agogo a ƙasar, waɗanda suka kai kusan 90,000 a 1970, suka ragu zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Yankin Neuchâtel na cikin waɗanda suka fi shan wuya: masana'antu suka rufe, iyalai suka yi ƙaura.

Abin da ya ceci garin shi ne ilimin da ya rage a kawunan mutanensa. Hannun da ya saba da sukurin da ido ke gani da kyar, ba zai rasa aiki ba a zamanin ƙananan na'urorin lantarki. A 1984 aka haɗe ɗakunan binciken aka kafa cibiyar CSEM, wadda ke ƙera na'urorin auna abubuwa, da kayan asibiti, da faifan tara hasken rana, tana aiki kafaɗa da kafaɗa da jami'ar birnin. Ko da aka rufe cibiyar taurari a 2007, jami'ar da CSEM ne suka gaji aikinta. Haka kuma a Neuchâtel aka ƙera wasu daga cikin agogunan atom da ke cikin taurarin ɗan'adam na Galileo, waɗanda ke nuna wa wayoyin salula inda mai riƙe da su yake.

Agogon da ake wanawa ma bai mutu ba, ya koma kayan alfarma mai tsada, kuma ma'aikata da yawa kan tsallako iyaka daga Faransa kowace safiya don ƙera shi. Darasin Neuchâtel ga duk garin da ya dogara da sana'a ɗaya a fili yake: kasuwa tana iya juya baya cikin shekara goma, amma garin da ya riƙe ɗakin bincike da makaranta yakan sami hanyar tashi.