Damina, Kaka da Rani a Gidan da Ke Renon Yaro Mai Naƙasa

A ƙasar Kurfi da ta Dutsin-Ma, waɗanda ke tsakiyar Jihar Katsina a kan hanyar da ta taso daga birnin Katsina ta nufi Ƙanƙara, rayuwar yawancin gidaje tana tafiya ne bisa juyawar shekara, daga bazara zuwa damina, daga kaka zuwa hunturu da rani, kuma babu gidan da wannan juyawa ta fi taɓawa kamar gidan da ke renon yaro mai naƙasa. Abin da ake nufi da naƙasa shi ne tawaya mai ɗorewa a gani ko ji ko motsin gaɓoɓi ko fahimta, wadda idan ta gamu da rashin tanadi a muhalli da kuma ƙyamar jama'a takan hana mutum shiga abin da tsaransa ke shiga. Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a shekarar 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke rayuwa da naƙasa a duniya, amma a ƙauyen Hausa nauyin kowane ɗaya daga cikinsu yana kan uwa ne da kaka da yayye mata, kuma nauyin yana sauya kama daga wata zuwa wata.

Ita kanta naƙasar sau da yawa da lokacinta take shigowa gida. Sanƙarau, wato kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, ciwon rani ne, domin busasshiyar iska da ƙurar hunturu suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoson kwana a ɗaki ɗaya kuma yana sauƙaƙa yaɗuwar ƙwayar cutar, har sai ruwan farko ya sauka sannan annobar ta lafa. A shekarar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, a 2017 kuma ta sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi daga wannan ciwo yana barinsu da tabo na dindindin, kamar kurunta ko farfaɗiya ko raunin gaɓoɓi, shi ya sa ake samun yaron da ya fara magana lafiya lau, ya kwanta ciwo a bazara, ya tashi ba ya jin kiran mahaifiyarsa. Damina kuma tana zuwa da zazzaɓin cizon sauro, wanda idan ya hau ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro yakan jawo jijjiga da dogon suma, kuma saboda haka ne ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin riga-kafi sau ɗaya a wata muddin ana ruwa.

Akwai kuma abubuwan da ba su da ruwa da yanayi, ko da yake damina tana ƙara musu muni idan hanya ta yanke. Doguwar naƙuda da ke hana jariri iskar numfashi, da shawarar da ke kama shi a kwanakin farko kafin ranar suna har idanunsa su yi rawaya ba a kai shi asibiti ba, suna cikin manyan dalilan lalurar ƙwaƙwalwa da ke sa wuya ya ƙi tsayawa, gaɓoɓi su sandare ko su saki, wadda jama'a kan haɗa ta da wasu lalurori dabam a ƙarƙashin suna ɗaya, galahanga. Shan inna, wanda a da aka ɗauka aljana ce ke shanye ƙafar yaro, ƙwayar cuta ce da ke bin gurɓataccen ruwa da abinci, kuma an ga ƙarshen nau'inta na asali a Najeriya a Jihar Borno a 2016, aka tabbatar da kuɓutar Afirka daga gare shi a watan Agustan 2020. Sai dai waɗanda ta shanye a shekarun baya, musamman bayan dakatar da riga-kafi da aka yi a wasu jihohin Arewa a 2003, suna nan sun girma, wasunsu ma sun zama iyaye.

Damina ita ce lokaci mafi tsanani ga irin wannan gida. Daga watan Yuni zuwa Satumba duk mai ƙarfi yana gona wajen shuka da noman farko da maimai, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, kuɗin mota zuwa asibitin Katsina ko na ƙashi da ke Dala a Kano ya gagara, keken guragu kuma ba ya tafiya cikin taɓo. A nan ne ake cire 'ya mace daga makaranta domin ta zauna da ƙanenta, hasarar da ba a cika lissafa ta ba idan ana maganar naƙasa, alhali yara biyu ne suka rasa karatu a gida ɗaya. Yaron da ke da wahalar haɗiya shi ne ke fara ramewa idan abinci ya ƙaranta, domin ciyar da shi yana cin lokacin da uwa ba ta da shi a tsakiyar aiki.

Duk da haka, abin da masana gashin ƙashi, wato masu gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, suke nema a yi wa irin wannan yaro kullum, mafi yawansa yana cikin abin da gidan Bahaushe ya riga ya iya. Goyo da zane yana buɗe cinyoyin yaron da ƙafafunsa ke son harɗewa, yana kuma sa shi ƙoƙarin ɗaga kai don ya ga abin da ke faruwa. Dabarar da mata ke yi ta girka jariri cikin daro a kewaye shi da tsumma don ya koyi zama, ita ce kafinta zai iya mayarwa kujera mai kusurwa da ke tallafe baya da kafaɗu, a sa mata katako a gaba don ɗora kwano da abin wasa. Yaron da aka zaunar haka, kansa ya ɗan sunkuya gaba, aka ba shi kunu mai kauri da ƙaramin cokali a hankali, ya fi tsira daga ƙwarewa da ciwon huhu a kan wanda ake ɗura wa koko tsararo yana kwance. Sanduna biyu na darbejiya da aka kafa a jere a tsakar gida daidai ƙugun yaro sun isa wurin koyon tsayuwa, keken katako mai ƙafa uku da ake yi wa masu tatata kuma ana iya ƙara masa tsawo da nauyi. Wannan shi ne tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara yaɗawa bayan taron Alma-Ata na 1978, wato kula da mai naƙasa a cikin al'ummarsa da kayan da ke wurin, kuma sharaɗinsa shi ne ma'aikacin lafiya ya duba yaron ya nuna wa uwa yadda za ta yi, domin motsa gaɓar da ta sandare da ƙarfi yana iya yin ɓarna.

Da kaka ta yi, aka yanke gero da dawa, aka cire gyaɗa, aka roro wake, sai aiki ya dawo tsakar gida, kuma yawancinsa a zaune ake yinsa. Ɓarar gyaɗa da tsintar wake da cire zoɓo daga ƙwallonsa ayyuka ne da ke horar da yatsu, kuma yaron da ba ya tafiya yana iya yinsu cikin 'yan uwansa, ana hira ana tatsuniya, a ƙarshe a auna abin da ya yi a yaba masa. Muhimmancin wannan ya wuce motsa hannu, domin a ƙauye ana sanin matsayin yaro ne da aikin da ake iya sa shi, kuma wanda ba a taɓa aika ba, ba a taɓa cewa ya miƙo wani abu ba, yakan girma a matsayin abin tausayi ko a cikin gidansu.

Rani shi ne lokacin sana'ar hannu. Kaba, wato ganyen goruba, ana yanko ta a shanya, a tsattsage ta sili-sili, a jiƙa ta don ta yi laushi, a rina wani sashe ja ko kore, sannan a kitsa dogayen layuka a haɗa su su zama tabarma, ko a naɗa ta a kan dunƙulen ciyawa ana zagayawa daga tsakiya ana sokawa da basilla har faifai ya fito. Rama kuwa ana jiƙa karanta a kududdufi bayan girbi har ɓawon ya saki, a saɓule shi a wanke a busar, sannan a tuƙa igiya, mai tuƙar ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa yana murzawa da tafin hannu yana ƙara zare. Tuƙar igiya ta daɗe tana cikin sana'o'in da aka san makafi da su a ƙasar Hausa, saboda yatsa ne ke auna kaurinta, kuma buƙatarta ba ta yankewa muddin akwai rijiya da guga da dabbar ɗauri. Ɗinkin hula, wanda ke ɗaukar makonni kafin a gama guda, ya dace da yarinyar da ke da lafiyar ido da hannu amma ba ta iya zuwa talla ko ɗibar ruwa, kurame kuma sun yi fice a ɗinki da kafinta da aikin fata duk inda aka samu ubangidan da ya yi haƙurin nuna musu. Hunturu dai yana da nasa haɗarin, domin yaro mai farfaɗiya da aka bari kusa da wutar jin ɗumi ko murhu yana iya faɗawa ciki idan ciwon ya motsa.

Sai dai ba daidai ba ne a mayar da sana'a madadin makaranta, kamar dai makaho igiya kaɗai ta kamace shi. Ƙasar da ke da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, take kuma da Jami'ar Tarayya tun shekarar 2011, duka a garin Dutsin-Ma, ba ta da uzurin barin yaro mai basira ya ƙare a bakin zaure don kawai ba ya gani ko ba ya ji. Jihar tana da makarantar makafi a Katsina da ta kurame a Malumfashi, amma ba kowane uba ne zai iya rabuwa da ɗan shekara bakwai ya kai shi kwana wani gari ba, balle 'ya mace, don haka makarantar firamare ta unguwa ita ce ya kamata ta iya karɓarsa. Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu, Maganar Hannu, wanda Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano ta wallafa littafi a kansa a shekarar 2000, kuma ya bambanta da harshen hannu na makarantu da ya samo tushe daga Amurka. Yaron da aka haɗa shi da manyan kurame tun yana ƙarami yakan samu cikakken harshen da zai yi tunani da shi, wanda aka ɓoye a ɗaki kuwa sai ya tashi da 'yan alamun ci da sha kawai.

Azumi da Sallah, waɗanda ke zagaya yanayin shekara saboda kalandar Musulunci tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, suna fito da alheri da aibin al'ada a lokaci guda. Tashe, wasan da yara ke fara yi bayan azumi ya kai goma, yana da gurbi ga mai kiɗa da mai amshi da mai riƙon abin da aka samu, kuma babu abin da zai hana a turo yaro a kekensa cikin ayari, kamar yadda babu hujjar a ɗinka wa 'yan uwansa kayan Sallah a tsallake shi da sunan ba ya fita. Amma a watan azumin ne kuma ake ɗaukar yara masu naƙasa a jera su a ƙofar masallatai da tashoshin mota don bara, abin da ke koya wa yaro tun da wuri cewa tawayarsa ce jarinsa. Addinin da ya sanya makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ladanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai yi wa mai naƙasa wannan tanadi ba. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta haramta amfani da su wajen bara, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati.

Hanyar da ta fi kusa ta sauya wannan hali tana cikin kakar kanta. Zakkar hatsi, wadda take ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka kuma ga abin da aka shayar da wahala, kamar noman rani a gefen madatsar ruwa ta Zobe, tana fita ne daidai lokacin da gidan mai naƙasa ke shirin shiga rani, kuma idan aka tara wani sashe nata aka damƙa wa irin waɗannan gidaje da yawan da zai isa sayen keke ko keken ɗinki ko damin kaba, ta fi mudu-mudun da ke ƙarewa cikin mako guda. Matsalar tsaro da ta addabi ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu ta ƙara wa lamarin gaggawa, domin idan aka tashi gudu cikin dare, yaron da ba ya tafiya da wanda ba ya jin ƙarar bindiga su ne ake fi jin tsoron a bari a baya.

Masu unguwanni da dagatai da ke ƙarƙashin Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da Maradin Katsina a Kurfi sun san kowane gida da abin da ke cikinsa, sarakunan makafi da na guragu kuma sun san mutanensu. Ya kamata majalisun ƙananan hukumomin biyu su zauna da su kafin kaka mai zuwa, a rubuta sunan kowane yaro mai naƙasa da irin lalurarsa, a san wanda ke buƙatar asibiti, da wanda ke buƙatar aji, da wanda za a damƙa wa mai sana'a.