Littafin Agatha Christie da masu fim suka daɗe suna tsoron ƙarshensa

Mutum goma ne suka taru a wani katafaren gida, a wani tsibiri da ke kudu maso yammacin Ingila. Mai gidan bai bayyana ba. Bayan cin abincin dare, sai wata murya daga faifan garmaho ta zargi kowannensu da kisan da ya kuɓuce wa shari'a. Daga nan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ga shi babu jirgin ruwan da zai fitar da su.

Wannan shi ne littafin da Agatha Christie ta fitar a 1939. Babu mai bincike a gidan, kuma babu wanda ya tsira. Sai a wata wasiƙa da aka tsinta cikin kwalba a teku ne asirin ya tonu.

Wannan ƙarshen ya yi wa masu shirya wasa nauyi. Ita kanta marubuciyar, da ta mayar da labarin wasan daɓe a 1943, ta bar mutum biyu da rai, mace da namiji. René Clair, ɗan Faransa, ya bi wannan hanya a fim ɗinsa na 1945. Indiyawa kuwa, a "Gumnaam" na 1965, har waƙa da rawa suka ƙara. Fim ɗin Tarayyar Sobiyat na 1987 ya dawo da ƙarshen asali, kuma shi ya fi ratsa jiki.

Sunan littafin na Faransanci ma ya sauya: a 2020 aka cire kalmar cin mutuncin baƙar fata da ke cikinsa, ya koma "Ils étaient dix".