Sunan Barebari da Ma'anoninsa

Ran nan ina gwajin koyarwa a Lafiya, sai wani yaro ya ce, "Malam, don me ake ce wa garinmu Lafiyar Barebari, alhali kuwa ba mu jin Barbarci?" Na yi shiru, kunya ta kama ni. Ga abin da na binciko, don kada ɗan'uwana ya sha irin tawa.

Da fari dai Barebari suna ne da Hausawa suka laƙaba wa mutanen Barno, su kuwa Kanuri suke ce da kansu. Namiji Babarbare, mace Babarbariya.

Na biyu, sunan ya bi su duk inda suka sauka. A Kano akwai Zangon Barebari. Lafiya kuwa Muhammadu Dunama ya kafa ta wajen ƙarshen ƙarni na 18, shi ma Babarbare ne. Jikokinsa sun koma jin Hausa, amma sunan bai bar garin ba, ko da ya zama hedkwatar Jihar Nasarawa a 1996.

Na uku, akwai Kambarin Barebari, watau fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro. Na huɗu, in Bafillace ya ce "Babarbare bawana," wasan taubasai ne, ba zagi ba.

Amma ciwon nan na ƙarancin abinci mai gina jiki da Turawa ke kira beriberi, ba ruwansa da su, kalmar daga Silan ta fito.

To, malamai, mu san asalin suna kafin yara su tambaye mu.