Idan Sabar Ta Ƙi Karɓar Sabon Saiti

Manhajojin da ke riƙe da shafukan intanet, irin su Nginx wadda Igor Sysoev ɗan Rasha ya fitar a 2004, suna karanta fayil ɗin saitinsu ne lokacin da aka tayar da su. Duk gyaran da aka yi bayan haka ba ya aiki sai an sa manhajar ta sake karantawa. Ko dai a kashe ta a kunna, abin da ke katse masu ziyara, ko a aika mata sigina mai suna SIGHUP ta sabunta tana cikin aiki. A yawancin kwamfutocin Linux na yau, umarnin systemctl reload nginx ne ke yin wannan.

Nginx tana da sashe guda mai shugabanci da wasu masu hidima, kamar magini da leburorinsa. Da sigina ta iso, shugaban kan duba sabon fayil. In lafiya yake, sai ya tayar da sababbin masu hidima, tsofaffin su ƙarasa abin da ke hannunsu su sauka. In akwai aibu, sai ya watsar da gyaran ya ci gaba da tsohon saiti. Dabara ce mai kyau, amma ita ke ruɗar mutane: shafi na buɗewa lafiya lau, mai kula da sabar ya ɗauka gyaransa ya shiga, alhali bai shiga ba.

Abin da bai kamata ba a nan shi ne gaggawar kashewa da kunnawa. Tsohon saitin a ƙwaƙwalwar kwamfuta kawai yake zaune. Da an kashe manhajar ya tafi, gurɓataccen fayil kuma ba zai bari ta tashi ba. Ƙaramar matsala ta zama rufewar shafi ɗungurungum.

Da umarnin nginx -t ake fara bincike, domin yakan faɗi sunan fayil da lambar layin da aka yi tuntuɓe. Galibi laifin bai taka kara ya karya ba: an manta waƙafi mai ɗigo a ƙarshen layi, ko an buɗe baka ba a rufe ba. Lambar layin kan nuna inda manhajar ta rikice ne, kuskuren kansa yana iya kasancewa a sama kaɗan.

In rubutun ya tsira, sai a koma kundin kurakurai na Nginx da kuma umarnin journalctl -u nginx. A can ake ganin cewa takardar shaidar tsaro ba ta inda aka nuna, ko wata manhaja ta riga ta kama ƙofa mai lamba 80 ko 443, ko an hana izinin buɗe wani fayil. A kwamfutocin Red Hat, tsarin tsaro na SELinux kan hana abin da izinin fayil ya halatta.

Wani lokaci kuma siginar ce ba ta isa ba. Nginx na ajiye lambar da kwamfuta ta ba shugaban a wani ɗan fayil. In fayil ɗin ya ɓace ko lambar ta tsufa, umarnin reload ba shi da wanda zai kai wa saƙo. In kuwa fayil ɗin da tsarin systemd ke tayar da sabis ɗin Nginx da shi aka taɓa, sai an fara da systemctl daemon-reload, sannan a sake tayar da sabis ɗin bayan gwajin nginx -t ya wuce.